Yadda ake gwada ɗankon liƙe tsagar kwalta a ƙasashen ƙanƙara, mataki-mataki

Tun ranar da na sa hoton wata hanya a lardin Ontariyo na Kanada da aka bi tsage-tsagenta da baƙin ɗanko, saƙonni ba su yanke ba. Yawanci ɗalibanmu ne masu karatun injiniyan hanya a Kanada da Amurka, sai wasu 'yan uwa da suka samu aiki a ma'aikatar ayyuka ta wani gari aka ɗora musu zaɓen kayan da za a saya. Tambayar dai guda ce: ta yaya ake bambance ɗankon da zai jure hunturun ƙanƙara da wanda zai watsa maka ƙasa a ido? Amsawa ɗaya-ɗaya cikin dare ta yi mini yawa, shi ya sa na zauna na jera aikin daga farko har ƙarshe.

Ɗankon da nake nufi shi ne kwaltar da aka haɗa da roba, wadda ake narkarwa a tukunya a zuba cikin tsaga da zafinta, don kada ruwa da gishirin narkar da ƙanƙara su sauka ƙarƙashin hanya. Ka sani tun yanzu, aikin nan ba na mai gaggawa ba ne: hunturu ɗaya na awo, hunturu uku na sa ido. Takardar ɗakin gwaji tace maka kaya kawai take yi, hukuncin yana hannun hanya a watan Janairu da Fabrairu.

1. Haɗa kaya, ka yi kasafi

Na awo da rubutu: ƙusoshin ƙarfe masu tauri irin na masu safiyo, guduma, ma'aunin tazara mai baki biyu wanda ke nuna kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, keken awon tsawo, tef, fenti, bindigar auna zafi, wani ma'aunin zafin mai dogon tsinke da ake tsomawa cikin ɗanko, kyamara, da littafin da ruwa ba ya lalatawa. Ka riƙe fensir, biro daskarewa yake a sanyin can.

Na aikin kansa: injin sassaƙa tsaga, kwamfaresa mai matatar mai da ruwa, bututun hura iska mai zafi, tukunyar narkarwa mai bango biyu da mai a tsakani, da robar baje ɗanko. Waɗannan ba saya ake yi ba, haya ake ɗauka ko a zo da ɗan kwangilar da ke da su.

Yawan ɗanko lissafinsa mai sauƙi ne. Gurbi, wato ramin da ake sassaƙawa a kan tsaga don zuba ɗanko, mai faɗin milimita 19 da zurfin 19 yana cin lita 0.36 a kowace mita, kimanin kilo 0.4. Idan kowane nau'i zai samu tsaga 20 a hanya mai faɗin mita 7, mita 140 ke nan, kilo 56. Ƙara kashi 15 cikin ɗari na asara, ka kai kilo 64, wato kwali biyar na masu fam 30. A kan wannan ka ɗora abin da zai cika famfo da tiyon tukunya, da kwali biyu na ɗakin gwaji.

Hattara: sababbin shiga suna ƙare kasafinsu a kan ɗanko, alhali shi ne mafi araha a aikin. Abin da ke cin kuɗi shi ne rufe layin hanya, masu tsaida motoci, motar kariya da ladan leburori. Kuma ba sau ɗaya za ka biya ba, duk ranar da za ka fita dubawa sai an sake rufewa. Ka sa kuɗin fita aƙalla shida a takarda tun farko, don kada a shekara ta biyu a ce maka babu.

2. Zaɓi hanyar da za ta faɗa maka gaskiya

Nemi miƙaƙƙiyar hanya da aka shimfiɗa lokaci ɗaya, da kwalta iri ɗaya, kauri ɗaya, kuma yawan motocin da ke binta bai canzawa daga farkon filin zuwa ƙarshensa. Guji kwana, mahaɗa, bakin gada, gangara da wurin da inuwar itatuwa ke kwana a kai. Tsage-tsagen da kake so su ne waɗanda suka gitta hanya daga gefe zuwa gefe, domin su ne sanyi ke buɗewa.

Littafin aikin da hukumar manyan hanyoyin Amurka ta fitar a 1999, wanda ya samo asali daga filayen gwajin da aka kafa a 1991 a wurare irin su Des Moines a jihar Ayowa da Prescott a Ontariyo, ya ba da ma'auni mai amfani: tsagar da ta cancanci liƙewa faɗinta milimita 5 zuwa 19 ne, kuma bakinta da ya gutsure bai wuce kashi 25 cikin ɗari na tsawonta ba. Wadda ta wuce nan wani gyara dabam take so.

Hattara: ka je ofishin tsare-tsare ka tabbatar ba a shirin sake shimfiɗa hanyar nan da shekara huɗu. Kuma kada ka karɓi hanyar da ta tsattsage kamar bayan kada. Wannan ciwon daga ƙasa yake, kowane ɗanko ka zuba faɗuwa zai yi, ka zo ka ɗora laifi a kan wanda bai ji ba bai gani ba.

3. Auna numfashin tsaga kafin ka taɓa ta

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin sauran. Tsaga tana numfashi: da zafi ta tsuke, da sanyi ta wage. Idan ba ka san iyakar wagewarta ba, ba ka san jarrabawar da ka ba ɗankonka ba.

A ƙarshen bazara, ranar da kwalta take da ɗumi, kafa ƙusa biyu a kowace tsagar da ka zaɓa, ɗaya a kowane gefe, tazararsu kamar milimita 150. Ka kafa su nesa da inda taya ke bi, ka nutsar da kansu ƙasa da fuskar kwalta kaɗan, in ba haka ba garmar kwashe ƙanƙara za ta fille su a fitarta ta farko. Auna tazarar sau uku ka ɗauki matsakaici, ka rubuta zafin kwalta da na iska da lokaci. Sai ka maimaita a watan Nuwamba, da tsakiyar Janairu, da Fabrairu, da sassafe bayan daren da sanyi ya fi tsanani.

Tsagar da ke motsa milimita 3 ko fiye a shekara ita ake kira mai aiki, kuma ita ce ta dace da wannan gwajin. Za ka lura cewa inda tsage-tsage suka yi nesa da juna sun fi wagewa, domin doguwar kwalta ce ke jan su. Wannan ya sa yanki biyu a hanya ɗaya suke iya zama jarrabawa biyu dabam.

Ga amfanin lambar. Mu ce tsagarka tana buɗe milimita 6. Idan ka zuba ɗanko kai tsaye a tsaga mai faɗin milimita 6, dole ya miƙe ninki ɗaya cif, kashi 100. A gurbi mai faɗin 19, kashi 32 zai miƙe. A mai faɗin 40, kashi 15 kacal. Ɗanko ɗaya, hanya ɗaya, wahala uku.

4. Tace ɗankon a ɗakin gwaji

Kada ka karɓi samfurin da kamfani ya aiko maka musamman. Ka ciro kwali daga cikin lodin da za a yi aikin da shi, ka rubuta lambar rukuninsa. Wajen yanka kuma ka yanka daga sama har ƙasan dunƙulen, saboda kayan haɗin ba koyaushe suke rarrabuwa daidai ba. Yadda ake narkar da shi don gwaji yana cikin ƙa'idar ASTM D5167, ta ƙungiyar da ke tsara ƙa'idojin gwajin kaya a Amurka.

Ƙa'idar saye da aka fi sani ita ce ASTM D6690, wadda ta raba ɗanko gida huɗu. Na ɗaya ana gwada kamunsa a digiri 18 ƙasa da sifili, a ma'aunin Selsiyas, da miƙewar kashi 50. Na biyu da na uku a digiri 29 ƙasa da sifili da miƙewar kashi 50, sai dai na ukun an ƙara masa gwajin jiƙawa a ruwa. Na huɗu, na wuraren da sanyi ya fi tsanani, a digiri 29 ƙasa da sifili amma da miƙewar kashi 200. Hanyoyin gwajin suna cikin ASTM D5329, kuma ga tsarin da nake bi.

Fara da laushi: a saki mazugin ƙarfe mai nauyin giram 150 a kan ɗankon na daƙiƙa 5 a digiri 25. Na ɗaya zuwa na uku kada nutsewar ta wuce 90, da ma'aunin kashi ɗaya cikin goma na milimita. Na huɗu tsakanin 90 da 150. Sai zafin da yake fara saki, wanda kada ya gaza digiri 80. Sai dawowa bayan dannawa, aƙalla kashi 60 ga na biyu, na uku da na huɗu. Waɗannan ukun suna da sauri da araha, wanda ya faɗi a nan ba sai ka ɓata injin sanyi a kansa ba.

Sannan gwajin kamu. Ana zuba ɗanko mai faɗin milimita 12.7 tsakanin tubalan kankare biyu, a sa a injin sanyi, a riƙa jan tubalan a hankali, kimanin milimita 3.2 a awa, har miƙewar da ake so ta cika. A fito da shi ya koma a zafin ɗaki, a sake, har zagaye uku; na ɗaya kuwa faɗinsa ninki biyu ne, zagayensa biyar. Idan ya tsage ko ya saki bango zurfin da ya wuce milimita 6, ya faɗi.

Hattara: cin wannan jarrabawar ba shedar komai ba ce a kan hanya. Tubalan na kankare ne, hanyarka ta kwalta ce. Ɗankon sabo ne fil, bai ga rana ba bai ga gishiri ba. Kuma digiri 29 ƙasa da sifili ba shi ne ƙarshen sanyi a Manitoba ko arewacin Minesota ba. Wannan giɓin ne ya sa Imad Al-Qadi na Jami'ar Ilinoi da Jean-François Masson na Majalisar Bincike ta Ƙasar Kanada suka fito da wani tsarin da AASHTO, ƙungiyar hukumomin hanyoyi na jihohin Amurka, ta karɓa, wanda ke ba ɗanko daraja gwargwadon zafi da sanyin da zai iya ɗauka. In ɗakin gwajinku yana da kayan, ka bi shi. Ana fara tsofar da ɗankon a tanda marar iska, digiri 115 na awa 16. Sai a mayar da shi ɗan gajeren sanda mai kaurin milimita 12.7 a lanƙwasa shi cikin sanyi: taurinsa a daƙiƙa ta 240 kada ya haura megafaskal 25. Sai a ja shi a ga iya miƙewarsa, a kuma auna ƙarfin kamunsa, wanda ake so ya kai niyuton 50. Ana sauka da sanyin digiri shida-shida har a samu inda ya gaza. A ganina wannan lambar, inda ya gaza, ta fi duk wani tambarin «ya ci» amfani.

Ga masu tambaya ko za su kai sakamakon nan gida: ɗanko mai laushi da aka yi don sanyin Kanada yana iya narkewa ya riƙa bin taya a zafin Afrilu na Sakkwato ko Zinder. Tsarin gwajin ne zai yi muku amfani, sunan wanda ya yi nasara a nan ku bar shi a nan.

5. Raba filin

Kada ka wuce nau'i biyar ko shida, ƙafa da ido ba sa iya fiye da haka a sanyi. Cikinsu dole a samu wanda ma'aikatarku ta saba amfani da shi, shi ne abin kwatance. Kowane nau'i ya samu yanki biyu, kowane yanki tsaga goma ko fiye, kuma kada yankunan nau'i ɗaya su yi maƙwabtaka. Rubuta sunaye a takarda, ka naɗe, a yi ƙuri'a. Ka kuma bar yanki ɗaya ba a taɓa shi ba. Bayan shekara uku shi ne zai nuna wa masu riƙe da kuɗi abin da rashin liƙewa ke jawowa.

Duba awonka na mataki na 3. Idan wani yanki ya samu tsage-tsage masu wagewa sosai, wani kuma masu sanyin hali, sake rabon.

Siffar gurbi ta zama ɗaya ga kowa. A Minesota an saba da 19 da 19, a Ontariyo da mai faɗin 40 da zurfin 10. In kana son gwada siffofin ma, to ka ninka yankunan, kada ka cakuɗa tambaya biyu a yanki ɗaya.

Hattara: fenti ba ya kai bazara, gishiri da garma suna share shi. Ba wa kowace tsaga lamba, ka auna nisanta daga abin da ba ya gusawa kamar turken kilomita ko kwalbati, ka zana taswira, ka ajiye kwafi biyu a wurare dabam.

6. Sassaƙa da tsabtacewa

Lokacin aiki shi ne kaka ko farkon narkewar sanyi, sa'ad da tsaga take tsaka-tsaki, ba a wage ba ba a tsuke ba. Kwalta ta bushe, zafinta ya haura digiri 4. Na fi son kaka, domin bayan hunturu ƙasa cike take da ruwa, tsaga tana iya bushewa a ido alhali cikinta da danshi.

Mai injin sassaƙa ya bi tsagar daidai, ta faɗo a tsakiyar gurbi. Yanke ɗan katako mai girman gurbin da kake so, ka riƙa zura shi a wurare uku na kowace tsaga. Haƙoran injin suna cinyewa, gurbin da ya fara da kusurwa da safe kan koma kamar kwano da la'asar. In ka ga haka a tsaya a canza haƙora, ka rubuta a wace tsaga aka canza. Ƙurar sassaƙar nan tana ɗauke da garin dutse mai lalata huhu, kowa ya sa takunkumin da aka yi don ƙura.

Sai a hure da kwamfaresa mai ƙarfin da bai gaza kilofaskal 690 ba. Kafin a fara, hura iskar a kan farin tsumma. In ya yi dabbaren mai ko ruwa, matatar ta mutu, kuma man nan zai hana ɗanko kamawa. Bayan an hure, shafa yatsa a bangon gurbin. Yatsa ya fito da ƙura, a sake.

Hattara da bututun iska mai zafi. Aikinsa busar da danshi ne da ɗumama bango. Idan kwalta ta fara hayaƙi ko duwatsunta suka fito tsirara, an ƙona ta, ɗanko zai kama ƙonannen bango ya ɓalle tare da shi a sanyin farko. Mai riƙe da bututun kada ya tsaya wuri ɗaya, kuma mai zuba ɗanko ya biyo bayansa cikin 'yan mintuna kafin raɓa ta dawo.

7. Narkarwa da zubawa

Kowane kwali yana ɗauke da lamba biyu: zafin zubawa da iyakar zafin da ba a ƙetarewa. Yawanci na farkon yana kusa da digiri 190, na biyun ɗan sama da 200 kaɗan, amma abin da ke jikin kwalinka shi za ka bi. Kada ka yarda da agogon jikin tukunya shi kaɗai. Tsoma naka ma'aunin a ɗankon da ke fitowa daga bakin tiyo duk rabin awa, ka rubuta. Da sanyi ya yi kauri ya ƙi shiga ramukan bango. Da zafi fiye da kima robar ciki ta lalace, ya koma ruwa-ruwa ko ya yi guda-guda.

Rubuta lokacin da aka kunna wuta da lokacin da aka gama zuba. Ɗankon da ya wuni a kan wuta ba ɗaya yake da na safe ba, wanda ya kwana aka sake ɗumamawa kuwa kada ya shiga gwajinka sam. Ɗibi samfuri daga bakin tiyo a gwangwani uku, farko, tsakiya da ƙarshen aiki, ka rubuta musu lamba. Ranar da wani nau'i ya faɗi, mai kamfani zai ce leburori ne suka ƙona masa kaya, gwangwanayen nan ne za su raba gardama.

Hattara: tsakanin nau'i da nau'i a juye tukunya ƙarƙaf, a wanke famfo da tiyo da sabon nau'in, a zubar da abin da ya fara fitowa. Leburori ba sa son wannan domin yana cin lokaci, za su ce ai saura kaɗan ne a ƙasa. Kaɗan ɗin nan ya isa ya mayar da gwajinka na wani ɗanko da babu shi a kasuwa. Ka tsaya a kai da kanka.

A cika gurbi daga ƙasa zuwa sama don kada iska ta maƙale. In za a baje a sama, faɗin ya tsaya tsakanin milimita 75 da 100, kauri kada ya wuce 3. Mai tudu abincin garma ne. Ganin kumfa na tasowa alama ce ta danshi, a dakata. Kada a buɗe hanya sai ya huce, in dole ne a yayyafa garin farar ƙasa ko a shimfiɗa siririyar takarda. Kafin ka tafi, ɗauki hoton kowace tsaga da lambarta, ka sake auna ƙusoshi.

Ɗankon nan manne wa fata yake yana ci gaba da ƙuna. Doguwar safar hannu, riga mai dogon hannu, garkuwar fuska. In ya zubo wa mutum, a kwarara ruwan sanyi a wurin, kada a ɓare, a nufi asibiti. Kuma ɗigon ruwa kada ya shiga tukunya, tafasowa take ta yi ambaliya.

8. Fita dubawa a tsakiyar sanyi

A nan na yi kuskuren da har yau nake jin nauyinsa. Gwajina na farko, na jira har Mayu, ranar da ake iya tsayuwa a waje ba rawar ɗari. Na bi tsage-tsage duk sun yi lumui, na ba wani nau'i maki mai yawa, aka sayi lodi a kan maganata. Fabrairun da ya biyo baya wani dattijon heluma ya ɗauke ni da asuba, ya tsaya a tsaga ta bakwai, ya durƙusa ya share ƙanƙara da bayan safar hannunsa, ya haska tocila. Ɗankon ya saki bango ɗaya tun daga tsakiyar hanya har gefe, tazarar ta isa ka zura kan mabuɗi, farin gishiri ya kwanta a ciki. Bai ce mini komai ba, ya miƙo mini tocilar. Zafin Mayu ne ya tsuke tsagar ya rufe mini aibin, ruwa kuwa ya sha shiga duk tsawon hunturu.

Saboda haka babban dubawa a Janairu ko Fabrairu ake yinsa, da safe, bayan kwanaki na tsananin sanyi, ranar da kwalta take a share. Na biyu bayan narkewa, don ganin ɓarnar garma da abin da taya ta ɗauke. Haka za ka yi shekara uku.

A kowace tsaga fara da auna ƙusoshi da zafin kwalta. Sai ka durƙusa da tef da ɗan ƙarfe mai dakusasshen baki, ka bi ta taku-taku kana taɓa gefen ɗanko a hankali. Abin da za ka auna tsawonsa:

sakin bango, inda ɗanko ya rabu da kwalta har ƙasa. Yagewa ta tsakiya, inda bangon biyu suna riƙe amma jikinsa ya dare. Tumɓukewa, inda babu shi gaba ɗaya. Gutsurewar baki ko sabuwar tsaga da ta fito dab da gurbi. Waɗannan huɗun su ne faɗuwa, domin ruwa na wucewa. A wani gefen shafi kuma ka rubuta cinyewar abin da aka baje a sama, kumfa, tsakuwar da ta nutse a ciki, da ƙananan tsagewar fuska da ba su kai ƙasa ba.

Raba awon gida biyu, inda taya ke bi da inda ba ta bi. Kowace irin faɗuwa da abin da take nunawa. Sakin bango a dukkan nau'o'i na yanki ɗaya, ka koma littafinka ka duba tsabta da danshin ranar. Yagewa ta tsakiya, ɗankon ya yi tauri a sanyi ko gurbin ya yi masa ƙunci. Sabuwar tsaga a gefe, ɗankon ya fi kwaltar ƙarfi ne ko an ƙona bangon.

Hattara: kada ka ɓanɓare da ƙarfi, ɗanko a irin wannan sanyi yana iya karyewa a hannunka ka ƙirƙiro aibin da babu. Mutum ɗaya ya yi dukkan dubawar, in da hali kada ya san sunan nau'in da ke gabansa. Kuma kada ka fita kai kaɗai. Hanya tana da santsi, direba ba ya ganin durƙusasshen mutum da wuri. Minti ashirin a waje, a koma mota a ɗumama yatsu.

9. Maki da kuɗi

Tara tsawon da ya faɗi, ka raba da tsawon da aka liƙe, ka cire daga ɗari. Mita 14 cikin 140 kashi 10 ne, saura 90 mai aiki. Idan abin da ya saura ya sauka ƙasa da 50, ana ɗaukar ɗankon ya gama rayuwarsa.

Sai dai faɗuwa ba ɗaya ba ce. A binciken da Masson da abokan aikinsa suka yi a titunan birnin Montiriyal na Kanada, inda suka bi nau'i goma sha biyu na shekara huɗu, sun ninka tumɓukewa sau huɗu kafin su haɗa ta da sakin bango su cire daga ɗari. Hujjar a fili take, wurin da ɗanko ya tumɓuke buɗaɗɗen kwararo ne ga ruwa da tsakuwa. Da wannan lissafin, mai sakin bango kashi 20 da tumɓukewa 2 yana da maki 72, mai sakin bango 8 da tumɓukewa 8 yana da 60, duk da jimillar na biyun ta fi ƙanƙanta. Ka kawo lissafin biyu a rahotonka.

Kwatanta yankuna biyun kowane nau'i. In sun yi kusa da juna, sakamakon abin dogaro ne. In ɗaya 90 ɗaya 55, kada ka ɗauki matsakaici ka wuce, koma kan awon ƙusoshi da zafin tukunya ka nemo dalili.

Kuɗi kuma a shekara ake lissafa shi. Haɗa kuɗin ɗanko, ƙwadago, haya da rufe hanya a kan kowace mita, ka raba da shekarun da ya yi kafin ya sauka ƙasa da 50. A misali kawai: wanda ya tashi dala 4 a mita ya yi shekara biyu, dala 2 ke nan a shekara, wanda ya tashi dala 5 ya yi shekara biyar, dala 1. Ga waɗanda ba su faɗi ba har ƙarshen shekara ta uku, ka rubuta «fiye da shekara uku», kada ka ja layi ka yi musu hasashen goma. A shafin farko na rahoton ka sa mafi tsananin sanyin da kwalta ta gani a kowane hunturu da mafi girman wagewar da ka auna, domin idan shekarun gwajin sun zo da sauƙin sanyi, mai karantawa ya san sai a ƙara hunturu ɗaya kafin a sa hannu a kan odar saye.